Tambayoyi da Amsoshi Game da Pierre-Simon Laplace, Masanin Lissafi da Falaki na Faransa

Ɗaliban lissafi da fiziks da injiniya kan ci karo da sunan Laplace tun kafin su san ko sunan mutum ne ko na gari. Yana cikin darasin lantarki, yana cikin na ƙididdiga, yana cikin na falaki. An tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa a kansa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa za a iya karanta ta ita kaɗai.

Wane ne Laplace?

Pierre-Simon Laplace Bafaranshe ne, masanin lissafi da ilimin falaki. An haife shi ranar 23 ga Maris 1749, ya mutu a Paris ranar 5 ga Maris 1827, saura kwana 18 ya cika shekara 78. Ana yi masa laƙabi da Newton na Faransa, domin shi ya ɗauki dokar jan juna da Isaac Newton ya bari, ya bi ta da lissafi har ta bayyana kusan duk wani motsi na wata da duniyoyin da aka sani a zamaninsa.

Babban aikinsa na biyu shi ne lissafin yiwuwa, wato auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi, da auna yawan amincewar da ta dace a ba wa wani sakamako. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin fannoni biyu da ba su haɗa hanya ba. A wurinsa aiki ɗaya ne, kuma wanda bai gane haka ba zai yi ta yi masa mummunar fahimta.

Daga wane irin gida ya fito, kuma yaya aka yi ya isa Paris?

Daga wani ƙaramin gari ne mai suna Beaumont-en-Auge a yankin Normandi, arewacin Faransa. An daɗe ana cewa ɗan talaka ne futuk, amma ba haka ba ne. Mahaifinsa yana da gonaki, yana harkar giyar tuffa, mai rufin asiri ne daidai gwargwado. Ba dai gidan sarauta ba ne, kuma yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa daga irin wannan gida hanya biyu aka fi sa shi a kai, coci ko soja. Aka zaɓa masa coci. Yana ɗan shekara 16 ya tafi Jami'ar Caen karatun addini.

A can malamai biyu, Christophe Gadbled da Pierre Le Canu, suka ga inda baiwarsa take. Ya bar jami'ar ba tare da digiri ba, ya nufi Paris a 1769 da takardar gabatarwa zuwa ga Jean le Rond d'Alembert, wanda a lokacin yana cikin manyan masu faɗa a ji a fagen kimiyya. D'Alembert ya sama masa aikin koyar da lissafi a makarantar horon soja ta École Militaire. Daga nan ya shiga aika wa Cibiyar Kimiyya ta Paris maƙala bayan maƙala. Sau biyu ana tsallake shi a ba wasu kujera, abin da ya ƙona masa rai, kafin a zaɓe shi ranar 31 ga Maris 1773 yana da shekara 24.

Wace matsala ce Newton ya bari wadda Laplace ya ɗauka?

A 1687 Newton ya nuna cewa duk wani abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma idan nisan da ke tsakaninsu ya ninka biyu, ƙarfin jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da a ce rana ce kawai da duniya guda, da lissafin ya zo da sauƙi. To amma duniyoyin su ma suna jan junansu, kowace tana ɗan karkatar da hanyar 'yar'uwarta. Newton ya ji tsoron cewa waɗannan ƙananan karkace-karkace za su yi ta taruwa har tsarin ya lalace, sai ya rubuta cewa wata rana zai bukaci gyara daga Mahalicci. Gottfried Leibniz na Jamus ya yi masa ba'a a kan haka, ya ce ya mayar da halitta agogon da sai an riƙa kai shi wajen mai gyara.

Tambayar da Laplace ya ba rayuwarsa ke nan: shin karkacewar tana taruwa ne har abada, ko tana zuwa ta koma? Amsoshi biyu na gaba suna nuna inda ya yi nasara da inda ya wuce gona da iri.

Mene ne rikicin Mushtari da Zuhal da ake yawan ambata?

Shi ne aikin da ya fi kowanne ɗaga sunansa, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Mushtari, wato Jupiter, da Zuhal, wato Saturn, su ne mafi girma a cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Tun zamanin Edmond Halley aka lura cewa idan aka gwada tsofaffin bayanai da sababbi, Mushtari tana ƙara sauri, Zuhal tana rage nata. In haka ya ɗore, ƙarshenta ɗaya ta gangaro wajen rana, ɗaya ta ɓalle ta yi gaba. Manyan masana lissafi biyu, Leonhard Euler da Joseph-Louis Lagrange, kowa ya gwada, abin ya ƙi.

Laplace ya tsaya a kan lambobi biyu. Mushtari tana kewaya rana cikin shekara 11.86, Zuhal cikin 29.46. Kewaye biyar na Mushtari shekara 59.3 ke nan, biyu na Zuhal kuma 58.9. Sun kusa zama daidai, amma da sauran kusan wata biyar. Ma'ana, duk bayan shekara 59 ko 60 duniyoyin biyu suna sake haɗuwa kusan a wuri guda, su ja juna ta fuska guda, jan yana ƙaruwa a kan na baya. Sai dai wannan ɗan bambanci na watanni yana sa wurin haɗuwar ya riƙa gusawa sannu a hankali, har ya kai inda tasirin zai juya: mai sauri ta fara rage gudu, mai nawa ta fara ƙarawa. Zagayen gaba ɗaya yana ɗaukar kimanin shekara 900. Masu duban sama ba su yi kuskure ba, ɓangare guda kawai suka riska na abin da ya fi rayuwar al'ummomi tsawo.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a cikin dogon jerin lissafin, sassan da ke ɗauke da wannan tasiri ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa na gabansa suka zubar da su. Amma idan aka tara su tsawon lokaci, ana raba su ne da wancan ɗan bambanci sau biyu, kuma raba lamba da ƙaramin abu kumbura ta yake yi. Sakamakon shi ne Zuhal tana iya gusawa daga inda ake zato da kusan mintin kusurwa 49 (minti 60 ne digiri ɗaya), abin da ya fi faɗin wata ɗaya da rabi a ido, Mushtari kuma da kimanin 20. Ya fitar da wannan tsakanin 1785 da 1786. Da irin wannan dabara ya bayyana ɗaurin da ke tsakanin watanni uku na Mushtari: duk kewaye ɗaya na Ganymede, Europa ta yi biyu, Io ta yi huɗu. Har yau da sunansa ake kiran wannan ɗauri.

Ke nan ya tabbatar da cewa tsarin rana ba zai taɓa rushewa ba?

Haka ya yi zato, haka kuma aka yarda tsawon lokaci. Shi da Lagrange sun nuna cewa matsakaicin nisan kowace duniya daga rana ba ya canzawa, kuma siffar hanyoyinsu tana kai-komo ne cikin iyaka. Amma hujjar tasu ta tsaya ne a matakin farko na kusantar lissafi, ta ajiye sauran sassan gefe. Wajen 1890 Henri Poincaré, shi ma Bafaranshe, ya nuna cewa irin waɗannan jerin ba su isa su ba da tabbaci na har abada ba. A 1989 Jacques Laskar ya gano da kwamfuta cewa hanyoyin duniyoyin da ke kusa da rana ba a iya hasashensu dalla-dalla bayan miliyoyin shekaru masu yawa. A 2009 shi da Mickaël Gastineau suka lissafa cewa akwai kusan kashi ɗaya cikin ɗari hanyar Mercury ta lalace cikin shekara biliyan biyar masu zuwa. Wato Laplace yana da gaskiya a kan dubban shekaru da miliyoyi, amma kalmar "har abada" ta fi ƙarfin hujjarsa.

Akwai kuma batun wata. An lura yana ɗan ƙara sauri ƙarni bayan ƙarni. A 1787 Laplace ya ce dalilin shi ne canjin da siffar hanyar duniyarmu ke yi a hankali, kuma lambar da ya samu ta dace da abin da aka gani. Sai a 1853 John Couch Adams na Ingila ya sake lissafin da sassan da aka tsallake, ya ga dalilin Laplace rabi kawai ya biya. Sauran rabin daga gogayyar ruwan teku yake, wadda ke rage saurin juyawar duniya, har agogon da ake auna watan da shi ya zama shi ne ke ja da baya.

Da gaske ya yi amfani da aikin malaman falaki na Musulmi?

Ƙwarai kuwa, kuma dole ce ta sa. Wanda yake son gwada zagaye na shekara 900 yana bukatar bayanan da suka kai wannan tsufa. Ibn Yunus, masanin falaki na Alƙahira da ya rasu a 1009, ya bar babban kundi, al-Zij al-Hakimi, cike da ranaku da lokutan husufin rana da na wata da haɗuwar duniyoyi, nasa da na waɗanda suka gabace shi. Akwai kwafinsa a Leiden ta ƙasar Holan, kuma Caussin de Perceval ya fassara wani sashe zuwa Faransanci, aka buga a 1804. Laplace ya gwada lissafinsa na Mushtari da Zuhal da na karkatar duniya da waɗannan bayanai. Ya kuma duba tsofaffin awon inuwa na ƙasar Sin. A tarihin falaki da ya rubuta ya yi magana a kan al-Battani da Ulugh Beg na Samarkand.

Wane littafi ne Mécanique céleste, kuma me ya sa ake cewa yana da wuyar karatu?

Juzu'i biyar ne da suka fito tsakanin 1799 da 1825, inda ya tattara duk abin da aka sani game da motsin duniyoyi, wata, taurari masu wutsiya, siffar duniya da cikar teku da janyewarta. Newton da zane-zanen jometiri ya kafa hujjojinsa, shi kuwa Laplace ya mayar da komai kalkulas, abin da ya ba na baya damar ɗorawa. Da irin waɗannan hanyoyi Urbain Le Verrier ya lissafa inda duniyar Neptune take a 1846 kafin a gan ta.

Wuyarsa daga tsallake matakai take. Nathaniel Bowditch, Ba'amurken da ya fassara juzu'i huɗu zuwa Turanci, ya ce duk inda ya ga Laplace ya rubuta cewa abu a bayyane yake, ya san sa'o'i na aiki suna jiransa kafin ya ga bayyanar. Bayanan da ya ƙara sun sa fassarar ta fi asalin kauri nesa ba kusa ba. Mary Somerville ta Sikotilan ta fitar da nata bayanin a 1831, wanda aka koyar da shi a Cambridge.

Me ya ce game da asalin rana da duniyoyi? An ce har baƙin rami ya hango.

A littafinsa Exposition du système du monde na 1796 ya lura cewa duniyoyi bakwai da aka sani a lokacin duk suna kewaya rana ta fuska guda, kuma kusan a shimfiɗe guda. Ya lissafa ya ga da wuya ƙwarai hakan ya zama dace kawai, lallai akwai sababi. Sai ya kawo shawarar cewa da can wani gajimaren iskar gas ne mai zafi yana juyawa, yana hucewa yana tsukewa, yana barin zobba a baya, zobban suka dunƙule suka zama duniyoyi. Immanuel Kant ya faɗi makamancin haka a 1755. An yi watsi da ra'ayin a farkon ƙarni na 20 saboda ya kasa bayyana dalilin da rana take juyawa a hankali haka, daga baya aka dawo da shi da gyare-gyare. A 2014 na'urar ALMA da ke ƙasar Chile ta ɗauko hoton faifan ƙura mai zobba kewaye da ƙaramin tauraro HL Tauri.

A cikin littafin nan kuma ya ce tauraro mai kaurin jiki irin na duniyarmu, wanda faɗinsa ya ninka na rana sau 250, janyowarsa za ta hana haskensa fita, don haka mai yiwuwa mafi girman abubuwan da ke sama ba a ganinsu. John Michell na Ingila ya riga shi da wannan tunani a 1783. Dukansu sun gina ne a kan cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne da nauyi ke iya ja, kuma Laplace ya cire maganar daga bugun baya. Baƙin ramin da ake magana a kai yau, wato wurin da janyowarsa ke hana ko haske fita, daga ka'idar Einstein ya fito, ba daga nan ba.

Me ya haɗa masanin falaki da lissafin yiwuwa?

Kuskuren awo. Mutum goma su auna matsayin tauraro ɗaya, a samu lambobi goma. Wacce za a ɗauka? Kuma idan lissafi ya saɓa da abin da aka gani da ɗan kaɗan, laifin na'ura ne ko akwai wani sababi da ba a gano ba? Laplace ya fara rubutu a kan wannan tun 1774, ya tattara shi a Théorie analytique des probabilités a 1812. A 1810 ya nuna dalilin da ya sa tarin ƙananan kurakurai masu zaman kansu suke ɗaukar siffar nan mai tudu a tsakiya da kowane ɗalibin ƙididdiga ya sani.

Misali mafi kyau nauyin Zuhal ne. Abokin aikinsa Alexis Bouvard ya samu cewa rana ta ninka ta sau 3,512. Laplace bai tsaya nan ba, ya ce zai iya yin caca 11,000 a kan 1 cewa kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Lambar da ake da ita yau kusan 3,498 ce, wato da ya ci cacar. Haka ya ɗauki rajistar haihuwa ta Paris daga 1745 zuwa 1770, maza 251,527, mata 241,945, ya nuna cewa rinjayen maza ba dace ba ne, tun da yiwuwar akasin haka ta kai ƙanƙantar ɗaya bisa lamba mai sifili 42.

A 1802 ya ƙiyasta yawan mutanen Faransa ba tare da ƙirga kowa ba. Yadda mai sayen hatsi kan zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba, haka aka ƙirga mutanen wasu garuruwa a larduna 30, aka ga kowace haihuwa ɗaya a shekara tana tafiya da mutum kusan 28, aka ninka da yawan haihuwar ƙasa, aka samu kimanin miliyan 28. Abin da ya bambanta shi da mai hatsi shi ne ya kuma lissafa iyakar kuskuren da ɗebon zai iya jawowa.

To dokar Bayes ta Bayes ce ko ta Laplace?

Thomas Bayes, wani limamin coci a Ingila, ya riga shi. Abokinsa Richard Price ne ya buga aikin a 1763 bayan mutuwarsa. Amma Bayes matsala guda ya warware. Laplace ya iso wurin da ƙafarsa a 1774, ya ba dokar cikakkiyar siffa, ya yi aiki da ita a falaki da ƙidayar jama'a da amincin shaidu a kotu. Suna na Bayes ne, gini na Laplace.

Daga nan aka samu dokarsa ta maimaituwa: idan abu ya faru sau s cikin gwaji n, yiwuwar ya sake faruwa ita ce s+1 bisa n+2. Ya buga misali da fitowar rana: in an ɗauka tarihi shekara 5,000 ne, kwana 1,826,213 ke nan, to 1,826,214 a kan 1 za ta fito gobe. An yi masa dariya a kan wannan, alhali a jimla ta gaba ya ce wanda ya san abin da ke tafiyar da dare da rana tabbacinsa ya fi haka nesa. Masu manhajar tace saƙonnin banza da na sarrafa harshe suna amfani da wannan ƙarin ɗaya har yau, don kada kalmar da ba a taɓa gani ba ta samu sifili.

Mene ne "aljanin Laplace"?

A 1814, cikin gabatarwar Essai philosophique sur les probabilités, ya ce a ƙaddara wani hankali da ya san matsayin kowane abu da kowane ƙarfi a wani lokaci guda, kuma yana da faɗin da zai lissafa su duka. A wurinsa babu abin da zai zama shakka, gaba da baya duk suna gaban idonsa. Shi hankali ya kira shi, na baya ne suka laƙaba masa aljani.

Abin da ake mantawa shi ne inda maganar take: a bakin ƙofar littafin lissafin yiwuwa. Bai ce ɗan Adam zai kai can ba. Cewa ya yi zai kasance nesa da shi har abada, shi ya sa muke bukatar hanyar auna abin da muka sani da abin da muka jahilta. Waɗanda suka ɗauke shi sarkin tabbaci sun karanta rabin shafi ne. Daga baya ka'idar Werner Heisenberg ta 1927 ta nuna ba a iya sanin matsayi da gudun ƙwayar zarra tare dalla-dalla, aikin Poincaré da aka ambata a amsar rushewar tsarin rana kuma ya nuna ƙaramin kuskure a farko yana iya zama babba.

Gaskiya ne ya ce wa Napoleon ba ya bukatar Allah a lissafinsa?

Labarin da ke yawo shi ne Napoleon ya ce masa ya rubuta babban littafi a kan halitta bai ambaci Mahaliccinta ba, shi kuma ya amsa cewa bai bukaci wannan zato ba. Wanda ya halarci wata ganawa tsakaninsu ya kuma rubuta abin da ya ji shi ne masanin falaki William Herschel, a Malmaison, gidan Napoleon, ranar 8 ga Agusta 1802. A littafinsa na yau da kullum ya ce Napoleon ya tambayi wa ya yi duk wannan, Laplace kuma ya so ya nuna cewa jerin sabubba na ɗabi'a sun isa su bayyana ginin tsarin da ɗorewarsa. Shahararriyar jimlar ba ta cikin rubutun Herschel, daga baya ta bazu.

Masana da dama suna ganin ko ya faɗe ta, gyaran da Newton ya ce tsarin zai bukata yake nufi, kamar yadda aka bayyana a amsar matsalar Newton. Game da imaninsa kuwa masu tarihi sun rabu. Akwai wasiƙar da ya rubuta wa ɗansa a 1809 yana roƙon Allah ya tsare shi, akwai kuma rubuce-rubucensa na sirri da suke ƙin yarda da mu'ujizozin da coci ke koyarwa.

Yaya ya tsira daga juyin juya halin Faransa?

Da yin shiru da barin gari. Ya kasance cikin kwamitin da ya tsara mita da kilo, inda aka yanke cewa mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu. Mitar da tela ke awo da ita a Kano da litar mai a Maraɗi daga wannan aiki suka samo asali. A 1793 aka rufe Cibiyar Kimiyya, aka kuma cire shi daga kwamitin bisa zargin ƙarancin kishin jamhuriya. Ya kwashe iyalinsa zuwa Melun.

Wasu ba su tsallake ba. Jean-Sylvain Bailly, masanin falaki kuma tsohon magajin garin Paris, a Melun aka kama shi ya zo wajen Laplace, aka fille masa kai a Nuwamba 1793. Antoine Lavoisier ya bi shi ranar 8 ga Mayu 1794. Da Lavoisier ɗin ne Laplace ya ƙera na'urar auna zafi da ƙanƙara a hunturun 1782 zuwa 1783: suka sa ɓeran Masar a ciki na sa'a goma, suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar, suka gwada da na gawayi mai ci, suka nuna numfashi wani nau'i ne na ƙonewa a hankali.

Me ya sa ake zarginsa da bin inda iska ta kaɗa?

Domin kowace gwamnati ta zo ta same shi a gaba. A 1785 shi ya yi wa Napoleon, ɗan shekara 16, jarrabawar shiga rundunar igwa, yaron ya zo na 42 cikin 58. Da Napoleon ya karɓi mulki a Nuwamba 1799 ya naɗa shi ministan harkokin cikin gida, bayan mako shida ya maye gurbinsa da Lucien, ƙanen shi Napoleon ɗin. Daga baya ya ce Laplace ya shigo da neman ƙananan abubuwa marasa iyaka cikin aikin mulki. An lallashe shi da kujerar majalisar dattawa da sarauta. A 1814 ya goyi bayan tsige Napoleon, sadaukarwar da ya yi masa a littafin 1812 ta ɓace daga sabon bugu, a 1817 kuma Sarki Louis na 18 ya ba shi sarautar marquis. Zargin yana da tushe. Abin da za a ce a madadinsa shi ne ya ga abin da ya sami abokansa, kuma bai taɓa lanƙwasa sakamakon lissafi don faranta wa mai mulki ba.

Ni ɗalibin injiniya ne. Shi ya ƙirƙiro canjin Laplace da muke fama da shi?

Rabi da rabi. Ya yi amfani da irin wannan haɗi a shekarun 1780 wajen lissafin yiwuwa, Euler ma ya taɓa shi kafin nan. Dabarar ita ce a mayar da matsalar kalkulas ta koma ta aljabara, a warware, a dawo da ita. Amma siffar da ake koyarwa yau don da'irar lantarki da sarrafa injuna ta biyo ta hannun Oliver Heaviside a ƙarshen ƙarni na 19 da Gustav Doetsch a shekarun 1930.

Dokar lissafin da ke ɗauke da sunansa kuwa daga nazarin jan duniya ta fito. Abin mamaki, ita ce kuma ke bayyana wutar lantarki mai zaman wuri guda, da zafin da ya daidaita a cikin ƙarfe, da tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiyar burtsatse.

Ban da falaki, ina kuma ya dace, ina ya kuskure?

Ya gyara saurin sauti. Lambar Newton ta gaza abin da ake aunawa da kusan kashi 15 cikin ɗari. A 1816 Laplace ya nuna cewa iska tana ɗumama idan sauti ya matse ta, kuma zafin ba ya samun lokacin fita, da aka sa wannan sai lissafi ya dace. Ya kuma bayyana hawan ruwa cikin siririn bututu. A gidansa na Arcueil, shi da maƙwabcinsa Claude-Louis Berthollet sun tara matasa irin su Poisson da Biot da Gay-Lussac da Arago.

Kuskurensa babba shi ne nacewa a kan cewa haske ƙwayoyi ne, zafi kuma wani ruwa ne marar nauyi. A 1819 Augustin Fresnel ya ci gasar Cibiyar Kimiyya da ka'idar cewa haske igiya ce, alhali Laplace yana cikin alƙalai. Wani aibin da abokan zamaninsa suka yi kuka da shi shi ne ɗaukar sakamakon wasu ba tare da ambaton sunansu ba, Adrien-Marie Legendre na cikin waɗanda abin ya shafa.

Ina kabarinsa, kuma me ya sa ba a san rayuwarsa ta gida sosai ba?

An binne shi a maƙabartar Père Lachaise ta Paris, a 1888 aka mayar da gawarsa gidan iyalinsa a Saint-Julien-de-Mailloc cikin Normandi. Ya yi aure a 1788, ya haifi ɗa, Charles-Émile, wanda ya zama janar, da 'ya, Sophie-Suzanne, wadda ta mutu wajen haihuwa a 1813. Yawancin takardunsa sun ƙone a gobarar da ta ci gidan jikokinsa a 1925. Sunansa yana cikin 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Wanne daga cikin littattafansa ya kamata mai sha'awa ya fara da shi?

Essai philosophique na 1814. Gajere ne, da kalmomi ya rubuta shi don jama'a, kuma an fassara shi zuwa Turanci tun 1902. Masu jin Faransanci, kamar 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi, za su iya bin asalinsa, sannan su wuce zuwa Exposition, wanda shi ma babu alamomin lissafi a cikinsa. Mécanique céleste kuwa sai wanda kalkulas ya zauna masa, kuma gara ya bi ta fassarar Bowditch. A kula da tarko guda: Laplace ya raba kusurwar kwana zuwa digiri 100 maimakon 90, ya raba dare da yini gaba ɗaya zuwa sa'a 10, bisa tsarin goma-goma na zamanin juyin juya hali, don haka sai an juya lambobinsa kafin a gwada su da na littattafan yau.